Yara Marasa Lafiya Da Tunanin Halaka Kai: Jawabi Ga Hakimai Da Malamansu

Jawabin nan a kan wani al'amari ne wanda ba a cika son ambatonsa a zaure ba, watau yaro ko yarinya su yi nufin halaka kansu. Tun da fari ya kamata a rarrabe kalmomi biyu. Kisan kai shi ne mutum ya kashe wani. Abin da a ke magana a kansa a nan kuwa shi ne mutum ya kashe kansa da kansa. Malamin da ke rubuta rahoto ya kiyaye wannan bambanci, gama kalma guda a takarda ta isa ta jawo wa gida guda tuhumar da ba ta same su ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2021 mutum wajen 727,000 ne su ka kashe kansu a duniya. Cikin samari da 'yan mata masu shekara 15 zuwa 29, wannan shi ne na uku cikin abubuwan da su ka fi ɗaukar rai a shekarar. Kashi 73 cikin ɗari kuwa a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin arziki abin ya auku. Saboda haka wanda ya ce ciwon Turawa ne, bai duba lissafi ba.

Abin da ya sa likitoci su ka mai da hankali ga asibiti shi ne, galibin waɗanda su ka halaka kansu sun bi ta hannun ma'aikatan lafiya ba da daɗewa ba kafin rasuwarsu. A shekarar 2014 an buga wani bincike a Amurka a kan mutum 5,894 da su ka mutu ta wannan hanya. Aka tarar 83 cikin ɗari sun je wurin magani cikin shekararsu ta ƙarshe, wajen rabinsu kuwa cikin mako huɗu na ƙarshe. Da yawa ba don damuwar zuciya su ka je ba, don ciwon jiki ne. An auna zafin jikinsu, an ba su magani, an sallame su, ba wanda ya tambaye su abin da ke ransu.

Ga yara al'amarin ya fi wuyar ganewa. Yaro ba safai ya kan buɗe baki da kansa ya ce rayuwa ta ishe shi ba. Sai ya ce kansa ke ciwo, ko cikinsa, ko ya daina cin abinci, ko ya riƙa faɗa da kowa. Har wa yau ciwon da ya daɗe yana cin jiki, kamar farfaɗiya da sankara da ciwon sukari, da kowane ciwo mai zogi wanda ba ya sakin mutum, ya kan ƙara wannan haɗari. Yaron da ya yi ta kwanciya asibiti, ya ga tsararrakinsa sun wuce shi a makaranta, ya ji ana lissafin kuɗin da aka kashe a kansa, ba abin mamaki ba ne ya fara ganin kansa kaya ne a wuyan iyayensa.

To, a Amurka akwai wata cibiya ta Gwamnati mai binciken lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ke Bethesda a jihar Maryland. Wata masaniya a can, Dokta Lisa Horowitz, ita da abokan aikinta su ka nemi tambayoyi 'yan kaɗan waɗanda kowace nas za ta iya yi a bakin gado ba tare da ta zama likitar ƙwaƙwalwa ba. Su ka tsara tambaya 17, su ka gwada su a sashen gaggawa na asibitocin yara uku, ɗaya a Washinton, ɗaya a Boston, ɗaya a Kolombus ta jihar Ohayo. Yara 524 aka tambaya, masu shekara 10 zuwa 21, aka kuma gwama amsoshinsu da na wata doguwar takardar tambayoyi wadda masana su ka riga su ka amince da ita. Da aka tace, sai aka ga huɗu daga cikin goma sha bakwai ɗin sun wadatar. A shekarar 2012 aka buga sakamakon, aka sa wa tambayoyin suna ASQ.

Ga ma'anarsu. Ta fari, a 'yan makonnin nan ko yaron ya yi fatan da ma ya mutu. Ta biyu, ko ya ji a ransa cewa shi ko danginsa za su fi samun sauƙi in ba ya duniya. Ta uku, ko a makon da ya wuce ya yi tunanin kashe kansa. Ta huɗu, ko ya taɓa gwada kashe kansa, in ya taɓa, yaushe ne. Duka ba su cin fiye da sakan 20. In ya amsa da i ga ko guda, sai a ƙara ta biyar: ko a yanzu haka, a wannan sa'a, tunanin na tare da shi.

A lura da tambaya ta biyu, domin ita ce mai kamo abin da sauran ba su kamowa. Akwai yaron da in an ce masa yana son mutuwa zai ce a'a, amma in an tambaye shi ko yana ganin gidansu za su huta in ba shi, sai ya sunkuyar da kai. A lura kuma ba a kewaye-kewaye. Ba a cewa "ko kana tunanin wani abu marar kyau", gama yaro ba zai san abin da a ke nufi ba, in ma ya sani zai gane babban da ke gabansa tsoron kalmar ya ke yi, sai shi ma ya yi shiru.

Cikin kowane yara ɗari da ke cikin haɗari, tambayoyin nan sun kamo wajen 97. Cikin kowane ɗari da ba su cikin haɗari, sun wanke wajen 88, watau wajen 12 an tsai da su alhali ba kome. Aikin rariya ke nan: ta kan tare tsaki, ta kuma tare ɗan garin da ya dunƙule, sai mai tankaɗe ta sa hannu ta rarrabe. Amma abin da ya fi jan hankali shi ne wannan. Daga cikin yaran nan 524, guda 344 ciwon jiki ko rauni ne ya kawo su, ba ruwansu da sashen ƙwaƙwalwa, duk da haka aka sami 14 a cikinsu suna ɗauke da wannan tunani. Da ba a tambaya ba, da an ɗaure musu rauni sun koma gida da shi.

Daga baya aka kai gwajin ɗakunan kwanciya. A shekarar 2020 aka buga labarin yara 600 da ke kwance don jinya ko tiyata, masu shekara 10 zuwa 21, aka sami 81 sun amsa da i. Da aka duba su da tambayoyin da a ke gane ciwon damuwa da su, sai aka ga fiye da sulusinsu ba su nuna alamar ciwon ba. Ashe ba kowane mai tunanin mutuwa ne ke tafe da fuskar baƙin ciki ba. Wani yana dariya da 'yan ɗakinsu, yana gaida likita da ladabi.

Yadda a ke aikin kuwa, nas ta kan roƙi uwa ko uba su ɗan fita, ta ce musu al'adar asibitin ce, kowane yaro a kan yi masa tambayoyin nan shi kaɗai. Ta kan kuma gaya wa yaron gaskiya tun da wuri, cewa in ta ji abin da ya shafi ransa ba za ta ɓoye wa likita da iyayensa ba. Yaron da ya ƙi amsawa ba a ɗaukarsa kamar ya ce a'a, a kan sa shi cikin waɗanda za a sake dubawa. Wanda ya amsa da i ga ta biyar, ba a barinsa shi kaɗai ko na minti guda, a kan kwashe duk abin da zai iya cutar da kansa da shi daga ɗakin, a kira likitan ƙwaƙwalwa nan take. Irin waɗannan kaɗan ne ƙwarai. Mafi yawa su ne masu cewa tunanin ya zo musu amma ba yanzu ba. Su kuwa wani ma'aikaci da aka horar ya kan zauna da su kamar minti goma ko sha biyar, ya ji tun yaushe abin ya fara, ko akwai shiri, wa su ke da shi a gida, sa'an nan ya yanke ko a kira likitan ƙwaƙwalwa yau, ko a sa musu rana, ko kuwa ba sauran abin yi sai lura.

Akwai tsoron da kowane uba zai kawo, kuma tsoro ne na mai hankali: kada tambayar ta shuka wa yaro abin da babu shi a ransa. An gwada wannan. Farfesa Madelyn Gould ta Jami'ar Kolombiya ta raba ɗalibai 2,342 na makarantun sakandare shida a jihar New York gida biyu, aka yi wa kashi ɗaya tambayoyi a kan kashe kai, ɗaya kashin ba a yi musu ba. Bayan kwana biyu aka sake auna su duka. Waɗanda aka tambaya ba su fi sauran damuwa ba, ba su kuma fi su tunanin mutuwa ba. Waɗanda su ke da ciwon damuwa ko su ka taɓa gwadawa ma, sai aka ga kamar tambayar ta ɗan sassauta musu. A shekarar 2005 aka buga wannan, binciken da ya biyo baya kuma bai rushe shi ba.

Bisa ga irin waɗannan hujjoji, ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ba da shawara a shekarar 2022 cewa a riƙa tambayar kowane yaro daga shekara 12, 'yan shekara 8 zuwa 11 kuwa sai in an ga dalili.

Amma ba duka masana su ka taru a kan magana guda ba, kuma bai kamata a ɓoye wa hakimai wannan ba. A cikin shekarar nan ta 2022, wani kwamiti mai auna hanyoyin rigakafi a Amurka ya ce hujjar da ke hannu ba ta isa a tabbatar ba ko tambayar kowane yaron da ya zo ganin likita, ba tare da wata alama ba, tana rage mutuwa. A Ingila kuma hukumar NICE ta gargaɗi likitoci kada su dogara ga takardar tambayoyi wajen yanke wanda za a yi wa magani da wanda za a sallama. Dalilinsu mai ƙarfi ne. Takarda ba ta duba, ba ta san gobe ba. Iyakarta ta nuna wanda ya kamata a zauna da shi yau.

Wani gwaji da aka yi a sashen gaggawa na asibitoci takwas a Amurka ya fayyace wannan, ko da ya ke manya aka yi wa, ba yara ba. Da aka fara tambayar kowa, adadin waɗanda a ke ganowa ya kusa ninkawa. Amma tambaya kaɗai ba ta rage masu gwadawa ba: cikin waɗanda aka bi labarinsu shekara guda, 23 cikin ɗari ne kafin a fara, 22 bayan an fara. Sai da aka haɗa da tsarin kiyaye kai da bugun waya a kai a kai bayan sallama, sa'an nan adadin ya sauko zuwa 18. Asibitin da ya tambayi yaro, yaron ya yi ƙarfin hali ya faɗi, aka rubuta a fayil aka rufe, ya yi abin da ya fi shiru muni, domin ya koya wa yaron cewa faɗin ba shi da amfani.

Tsarin kiyaye kai ɗin nan ba wani abu ne mai wuya ba. A kan zauna da yaron a rubuta alamun da ya ke ji in abin zai taso masa, da abin da ke kwantar masa da rai, da mutanen da zai nufa, da lambar da za a kira. A kan kuma yi magana da iyaye su kawar da magunguna da guba da makami daga inda hannunsa zai kai. A da a kan sa mutum ya yi alkawari ba zai cuci kansa ba, yanzu an bar wannan, gama an ga alkawarin hankalin likita kawai ya ke kwantarwa.

Malaman hakimai, waɗanda sana'arsu wasiƙa ce, za su so jin labarin Dokta Jerome Motto na San Faransisko. Tsakanin 1969 da 1974 ya tattara mutum 843 waɗanda aka sallama daga asibiti su ka ƙi komawa ganin likita. Rabinsu ya riƙa aika musu 'yar gajeriyar wasiƙa, aƙalla sau huɗu a shekara har shekara biyar, ba wa'azi, ba neman kome, gaisuwa ce kawai da cewa ana tune da su, in sun so su ba da amsa. Cikin shekara biyu na fari, masu samun wasiƙa sun fi sauran tsira. Hukumar Lafiya ta Duniya ta gwada makamancin wannan a ƙasashen Barazil da Indiya da Siri Lanka da Iran da Sin, a kan mutum 1,867 da su ka gwada kashe kansu aka cece su. Bayan wata 18, cikin waɗanda aka yi wa bayani aka kuma riƙa bin sawunsu da ziyara ko waya, wajen biyu cikin dubu ne su ka mutu ta wannan hanya, cikin sauran kuwa wajen ashirin da biyu cikin dubu.

A nan ne maganar ta iso ƙofar hakimi. Likitocin ƙwaƙwalwa a Nijeriya kaɗan ne, kuma a manyan birane su ke. Hukumar Lafiya ta Duniya ta san haka game da ƙasashe da yawa, shi ya sa a shekarar 2010 ta fitar da littafin jagora na shirinta mai suna mhGAP domin ma'aikatan ƙananan asibitoci. A ciki an ce duk wanda ya haura shekara 10, in ya zo da ciwon ƙwaƙwalwa ko farfaɗiya, ko ciwo mai zogi da ya daɗe, ko tashin hankali mai tsanani, a tambaye shi ko ya yi tunanin cutar da kansa cikin watan da ya wuce, ko ya aikata cikin shekarar. An horar da ma'aikata da littafin nan a wurare dabam dabam na Nijeriya. Amma ma'aikacin asibiti iyakarsa ƙofar asibiti. Yaron gida zai koma, gida kuwa a ƙasar hakimi ya ke.

Abu biyu ke rufe bakin iyali. Na fari kunya. Musulunci da Kiristanci duka sun haramta kashe kai, jama'a kuma su kan ɗauki ko tunaninsa abin fallasa ne, har a ji tsoron kada ya hana 'yar gida aure. Na biyu tsoron hukuma. Dokar Penal Code da aka soma aiki da ita a Arewa a shekarar 1960 ta sa wa wanda ya gwada kashe kansa ɗaurin da zai iya kai shekara guda, ko tara, ko duka biyu, a sashe na 231. Ƙasar Gana ta soke irin wannan hukunci a shekarar 2023. A Nijeriya kuma an sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a watan Janairu na 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, a shekarar 2024 kuma Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya bayyana niyyar Gwamnati ta cire gwada kashe kai daga jerin laifuffuka. Ko yaya doka ta tsaya, uban da ke tsoron ɗan sanda ba ya kai ɗansa asibiti da wuri, in ya kai ma sai ya ce kuskure ne.

Alal misali, mai unguwa ya zo ya faɗi gaisuwa ya ce, "Ranka ya daɗe, 'yar Malam wane mai ciwon sikila, an sallamo ta, likita ya ce a lura da ita, ta ce gara ta mutu iyayenta su huta." Hakimin da ya sa aka kira uban gaban fadawa ya ɓata aikin likita duka. Wanda ya san abin da ya ke yi, keɓe uban zai yi, ya ce masa, "Malam, wannan jinya ce kamar sauran jinya, ba a dukan yaro a kanta, ba a kuma yi masa gori." Sa'an nan ya tambayi ranar komawa asibiti, ya ji ko kuɗin mota ne zai hana, ya sa a sami wata babba a gidan, gwaggo ko kaka, wadda yarinyar ke sakin jiki da ita. Kwanakin farko bayan sallama su ne mafi haɗari, saboda haka mai unguwa ya leƙa cikin kwana uku, kada ya jira sati ya zagayo. Malamin hakimi kuwa, in lalle sai an rubuta, ya rubuta cewa an taimaki wani gida da zuwa asibiti, kada sunan yarinya ya shiga littafin da kowa ke buɗewa.

Sauran magana ɗaya ita ce ta maganin ƙwari, wanda a ƙauye a kan aje shi a ɗaki ɗaya da hatsi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta wajen ɗaya cikin biyar na masu kashe kansu a duniya da irin wannan guba ne. Abin kuwa sau da yawa na ɗan lokaci ne. A birnin Houston an tambayi mutum 153 masu shekara 13 zuwa 34 waɗanda su ka tsira da ƙyar, wajen ɗaya cikin huɗu su ka ce tsakanin yanke shawara da aikatawa bai kai minti biyar ba. Wajen tara cikin goma na waɗanda su ka tsira kuma ba ta wannan hanya su ke mutuwa daga baya ba. Ƙasar Siri Lanka ta hana shigo da magungunan feshi mafiya dafi, aka ƙiyasta ta ceci rai wajen 93,000 tsakanin 1995 da 2015, noma kuwa bai faɗi ba. Hakimi ba shi da ikon hana shigo da kaya, amma yana da ikon sa dagatai su yi shela cewa maganin feshi a kulle shi cikin akwati, makulli a hannun mai gida, kada kuma mai shago ya sayar wa yaro.

Yaron da ya ce tunanin na tare da shi yanzu, ko ya riga ya sha wani abu, ba a barinsa shi kaɗai, ba a kuma tsayawa ba shi manja ko madara ko sa shi amai. Asibiti mafi kusa za a nufa da shi nan da nan, a tafi da kwalbar abin da ya sha domin likita ya gani. Daga can ne za a tura shi gaba in da bukata. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, da Kware kusa da Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau ta Kano, akwai kuma sashen ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya da na Malam Aminu Kano. Ya kamata kowane malamin hakimi ya nemi lambar wayar babban ma'aikacin asibitin gundumarsa, ya rubuta ta a bangon littafinsa, ya kuma ba kowane dagaci.